Hoton bara da na bana: wace hanya za a bi a daidaita su?

Wani dattijo ya zo mana daga Rigasa da safiyar wata Talata, ɗansa na biye da shi da manyan ambulan guda biyu a hammata. Ɗaya hoton CT na ƙirji ne da aka yi masa wata 6 baya a wani wurin hoto mai zaman kansa a cikin gari, ɗayan kuwa namu ne na makon da ya wuce. Akwai ɗan ƙari a gindin huhunsa na dama. Bayan gaisuwa ɗan ya sassauta murya ya ce da ni, "Malam, mu abu ɗaya muke son ji. Wannan abin da ke ƙirjin Baba, ya girma ne ko yana nan yadda yake?"

Yanke wannan hukunci ba nawa ba ne, na likitan da ke karanta hoto ne. Nawa shi ne in shirya masa hotunan biyu yadda zai kwatanta wuri da wuri, kuma a nan gizo ke saƙar. Mutum ba ya kwanciya iri ɗaya sau biyu. Yau ya ɗaga hannuwa sama da kai, ya ja numfashi ya cika ƙirji. Bayan wata 6 kafaɗa na ciwo, tari ya hana shi riƙe numfashi, ga shi ya rame. Ko a numfashi na yau da kullum, gindin huhu da hanta suna hawa da sauka da santimita 1 zuwa 2, balle an ja da ƙarfi. Na'urar CT yanyanka jiki take yi a hoto, kamar mai shayi da burodi. To yanka na 140 a hoton farko ba lallai ya faɗa inda na 140 ya faɗa a na biyu ba. In ɗaya ya bi ta tsakiyar ƙarin, ɗaya ya bi ta gefensa, sai ka rantse ya ragu alhali ko motsi bai yi ba.

Kuma milimita ba abin rainawa ba ce. Ƙari mai siffar ƙwallo in faɗinsa ya tashi daga milimita 8 zuwa 10, jikinsa gaba ɗaya ya kusa ninkawa, domin ƙaruwar kashi 26 cikin 100 a faɗi ta isa ta mayar da shi biyu. Ƙa'idar RECIST 1.1 ta shekarar 2009, wadda ake auna tasirin maganin sankara da ita, ta ce in jimillar faɗin wuraren da ake bi ta ragu da kashi 30 cikin 100, magani ya yi aiki. In ta hau da kashi 20 cikin 100, kuma hawan bai gaza milimita 5 ba, cuta ta ci gaba. Kan irin wannan lissafi ake cewa a ci gaba da kemo ko a canza, kuma mun san a gidajenmu wani lokaci fili ake sayarwa kafin a yi zagaye na gaba.

Hanyoyi uku ne a gabanmu na daidaita tsohon hoto da sabo. Na lura matasan abokan aiki da suka fara taɓa manhajojin kyauta suna ɗaukar ta ukun ta fi sauran, tunda ita ce mai wuya kuma sakamakonta ya fi kyan gani. Ni ban yarda ba.

Ta farko ita ce ido. A buɗe hotunan gefe da gefe a allo, a nemi alamar da ba ta ƙaura, kamar inda bututun iska ya rabu biyu a ƙirji ko wani ƙashin gadon baya, a tsayar da kowane hoto a nan, sannan a ɗaure su su riƙa tafiya tare. Kusan duk manhajar duba hoto tana da wannan. Ba ta cin ko kwabo, ba ta taɓa hoton, kuma ga manyan abubuwa ta wadatar: ruwan da ya taru a ƙirji ya janye, karaya ta haɗe, ƙarin da ke santimita 6 ya koma 3. Iyakarta dai sama da ƙasa kawai take gyarawa. In mara lafiya ya karkata kai a hoto na biyu, kowane yanka ya bi ta wata kusurwa daban ke nan, kuma duk kaifin idonka ba za ka miƙe shi a ka ba, balle a ƙarshen yini bayan ka duba hoto talatin.

Ta biyu a manhaja za ka ga an rubuta mata Rigid. Ni hanyar katako nake ce mata. Kafinta in zai sa ƙofa, yana tura ta sama ko ƙasa, hagu ko dama, ciki ko waje, yana ɗan karkata ta, amma ba ya lanƙwasa ta. Haka kwamfuta ke yi wa tsohon hoton: lambobi 6 kacal take nema, 3 na turawa, 3 na juyawa. Tana gwada matsayi, ta auna yadda hotunan suka zauna kan juna, ta sake gwadawa, har ta kai inda ba abin ƙarawa. Tsakanin CT da CT abin da sauƙi, domin ma'aunin Hounsfield, wanda ake auna hasken hoton CT da shi, ɗaya ne a kowace na'ura, ruwa 0, iska −1000. Tsakanin CT da MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ne aka daɗe ana fama, don ƙashin da ya fito fari fat a CT baƙi yake fitowa a MRI. A 1995 Paul Viola da William Wells a jami'ar MIT ta Amurka, da kuma wasu masana a Leuven ta Beljiyam, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo mafita ɗaya. Maimakon a tambayi ko launin wuri ɗaya ne a hotunan biyu, sai a tambayi ko sanin launinsa a wannan zai sa ka iya faɗin launinsa a wancan. Inda wannan hasashe ya fi ƙarfi, nan hotunan suka dace. Har yau da ita ake aiki.

Abin da ya sa nake son hanyar katako shi ne ba ta da ikon ƙara wa abu girma ko rage shi. Duk bambancin da ya saura bayan an daidaita, ko na jikin mara lafiya ne, ko na yadda aka ɗauki hoton, ba kwamfuta ce ta ƙirƙire shi ba. A hoton kai ba ta da tamka, saboda ƙoƙon kai akwati ne, abin da ke ciki tare yake tafiya da shi. In hotunan masu kyau ne, kuskurenta ba ya kai milimita 1. Daga nan kana iya cire tsohon hoto daga sabo, duk abin da bai canza ba ya ɓace, sabon tabo ƙarami ya fito fili shi kaɗai. Ga wata fa'ida da ba a cika ambata ba: lambobi 6 mutum na iya karanta su. In ta ce ta juya kan da digiri 40, ka san ta ɓata hanya, domin ba wanda ya kwanta haka. Kuma a kwamfutar hannu ta talaka ma ba ta wuce minti ɗaya ko biyu.

Daga wuya zuwa ƙasa ne take gazawa. Wuya yana lanƙwasa, huhu yana kumbura, hanji yana yawo, mafitsara yau cike gobe wayam. In ka daidaita ƙashin baya, hanta ta zame. In ka daidaita hanta, haƙarƙari ya zame. Amma akwai dabarar da ba a ba ta darajar da ta kamata. Kada ka ce sai ka daidaita ƙirji dukansa. Zana ɗan akwati kewaye da wurin da ake tambaya, ka ce wa manhajar ta duba cikinsa kawai. A ɗan ƙaramin yanki, jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙarin kusan tare suke motsi, sai katako ya yi aiki a inda aka ce ba ya yi. Sauran ƙirjin ya karkace, ba ruwanka, ba shi aka tambaye ka ba.

Akwai wata tsakanin ta biyu da ta uku, Affine, mai lambobi 12, wadda ke iya miƙa hoton dukansa ko matse shi. Amfaninta ya fi yawa wajen ɗora ƙwaƙwalwar mutane daban-daban kan taswira ɗaya. Ga mutum ɗaya a lokaci biyu a yi hattara da ita: ƙwaƙwalwar da ta tsuke saboda ciwon mantuwa, sai Affine ta matse tsohon hoton ya yi daidai da sabon. Shi ya sa manhajar SIENA ta jami'ar Oxford, mai auna tsukewar ƙwaƙwalwa, ke riƙe ma'auninta da ƙoƙon kai, tunda shi ba ya tsukewa.

Sai ta uku, hanyar fata. Wanda ya taɓa ganin ana ɗaure fatar ganga ya san yadda ake ja nan, a sassauta can, har ta zauna a bakin icen. Kwamfuta tana shimfiɗa raga a kan tsohon hoton, tana jan kowane ƙulli na ragar inda ta ga dama, sai dai an gindaya mata kada ta yage shi. Lambobin da take nema ba 6 ba ne, dubbai ne, wani lokaci miliyoyi. Jean-Philippe Thirion a Faransa ya fito da tasa mai suna Demons a 1998, Daniel Rueckert da abokansa a Landan suka fito da ta raga a 1999 don hoton MRI na nono, Brian Avants da abokansa a jami'ar Pennsylvania suka kawo SyN a 2008. In ta gama aiki, hotunan biyu sai ka ce rana ɗaya aka ɗauke su.

Nan haɗarin yake. Aikinta share bambanci, kai kuma bambancin ka zo nema. In ƙari ya tashi daga milimita 8 zuwa 10, za ta ja tsohon ya cika 10, ka cire wannan daga wancan ka ga ba komai. Na taɓa yin wannan wautar da hoton hanta, lokacin ina ɗokin sabon abu. Na kai wa babban likitanmu ina murmushi, na ce, "Ranka ya daɗe, duba yadda suka dace tsaf." Ya yi shiru yana ta hawa da sauka da hoton, can ya ce, "Sun dace da yawa. Buɗe mini na asali." Da aka buɗe, ɗaya daga cikin tabban ya girma ƙarara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Adalci dai, labarin canjin bai ɓace ba, ya koma cikin ragar ne. Ana iya fitar da taswirar da ke nuna inda aka miƙa da inda aka matse: lamba sama da 1 wuri ya buɗe, ƙasa da 1 ya tsuke, in ta faɗa ƙasa da sifili hoton ya naɗe kan kansa, abin da nama ba ya yi. Masu bincike da ita suke auna tsukewar ƙwaƙwalwa. Amma karanta ta sai wanda ya ƙware, kuma tana sauyawa da yadda ka saita taurin ragar.

Tana da wasu wuraren faɗuwa da ya kamata mai aiki a nan ya sani. Ta ɗauka duk abin da ke hoton farko yana na biyu. To in an yi tiyata an cire wani sashe fa? In tarin fuka ya ci rami a huhu, ko ruwa ya cika gefen ƙirji, ko iska ta shiga hanji inda da babu? Ba ta cewa ban gani ba, sai ta jawo naman maƙwabta ta toshe gurbin. Huhu kuma zamewa yake a jikin haƙarƙari, ita kuwa ba ta son abu biyu da ke manne su tafi hanya daban, sai ka ga ta lanƙwasa ƙashi. A cikin hanta da ba a yi allurar haska jini ba, inda komai launi ɗaya ne, ba ta da abin kamawa, cika gurbi kawai take yi da ka.

Duk da haka akwai aikin da ba mai yi sai ita, wato gashin sankara, ƙona ta da haske mai ƙarfi, irin wanda mutanenmu ke hawa mota daga Kawo zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya dominsa. Mai sankarar wuya yakan yi mako 6 zuwa 7 ana gashi. Kafin a gama ya rame, ƙarin ya ragu, abin rufe fuskar da aka ƙera daidai kansa ya yi masa yawa. Likita ya ɓata awanni yana zana iyakar kowace gaɓa a hoton farko. Hanyar fata ce ke ɗauko zanen ta ɗora a sabon hoto, shi kuma ya gyara. Ita ce kuma ke taimakawa a lissafa yawan hasken da wani nama ya sha a gashin baya in cuta ta dawo. Ko gadon ma daban ne: na hoton bincike mai kwari ne, na tsara gashi shimfiɗaɗɗe, don haka bayan mutum ba ya zama iri ɗaya a kansu. Masu wannan aiki ba sa yarda da ita ido rufe. Rahoton TG-132 na ƙungiyar masana kimiyyar na'urorin asibiti ta Amurka, na 2017, ya nemi a duba kowane daidaitawa ga kowane mara lafiya, kuma kuskure a alamomi ya tsaya wajen milimita 2 zuwa 3.

Don haka ni kafin in taɓa manhaja sai na ji tambayar likita. In cewa ya yi "abin nan ya canza?", ido ne ko katako. In cewa ya yi "naman da ke nan ina ya koma?", sai fata, kuma ko ita sai an fara da katako kafin a sake mata.

Kowace aka bi, a duba. A sa manhajar ta yanka hotunan gida-gida kamar dara, gida ɗaya na tsoho, na kusa da shi na sabo, a ga ko layin ƙashi da na jijiya sun wuce ba tsalle. A zaɓi alamomi kamar goma, irin mararrabar jijiyoyi, a auna tazararsu. Sannan awo a yi shi a hoton asali. Hoton da aka juya an sake lissafa ɗigoginsa, gefunansa sun ɗan dushe. Daidaitawa ta kai ka wurin, ma'auni ya hau kan na asali.

Batun manhaja ba zan ja shi ba. Fara tambayar ko kwamfutar da ta zo da na'urarku tana yi, da yawa suna yi ba a sani ba. In babu, 3D Slicer kyauta ce, tana hawa Windows, tana da katako da fata, kuma ana ƙara mata elastix, wadda aka ƙirƙira a Utrecht ta ƙasar Holan. ANTs ta yi suna a aikin ƙwaƙwalwa, sai dai rubuta mata umarni ake yi, kuma a babban hoto takan daɗe, abin lura ga mai aiki da batir in wuta ta ɗauke. Masu ƙirƙirarriyar basira irin VoxelMorph, da ta fito daga MIT a 2018, daƙiƙu suke yi, amma abin da aka koya musu suka sani. Masu 3D Slicer da kansu sun faɗa cewa ba a ba ta lasisin aikin jinya ba, don haka mataimakiya ce, ba alƙali ba. Kuma fayil ɗin hoto yana ɗauke da sunan mara lafiya da ranar haihuwarsa. A goge kafin a tura wa aboki, ko ba don dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba, don amana.

Yanzu ga marasa lafiya da 'yan uwansu, domin rabin zaɓin a hannunku yake, tun ran gini tun ran zane. In za a sake hoto, komawa inda aka yi na farko ya fi neman inda ya ɗan fi araha. Wani wurin kaurin yankansa milimita 5, wani milimita 1, kuma ƙaramin ƙari a yanka mai kauri gaurayuwa yake da naman gefensa. Wani ya yi allurar haska jini, wani bai yi ba. Ko an yi, tabon hanta a daƙiƙa 30 bayan allura daban yake da kamanninsa a daƙiƙa 70. Ba manhajar da ke gyara wannan. In na'urar farko ta lalace, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, ku kawo tsohon hoton kafin a kwantar da mara lafiya, ba bayan an gama ba, don mai ɗauka ya kwaikwayi yadda aka yi.

Kuma ku karɓi faifan CD, kada ku tsaya a fim. Hoton ƙirji ɗaya na iya kai yanka ɗaruruwa, fim 'yan kaɗan aka tsinta aka buga. Fayil ɗin da ke faifan, tsarin DICOM da aka tsayar tun 1993, yana riƙe da matakan haske dubbai da ainihin matsayin kowane yanka a jiki. Hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp matakan toka 256 ne iyakarsa, ba matsayi, ba ma'auni. Da fim ko hoton waya ido kaɗai ya rage. A buɗe faifan a gabanku kafin ku bar wurin, a kwafe shi a filasha, kada a bar shi a gaban mota rana ta dafa shi.

A ambulan Baba na farko fim ne kawai. Ɗan ya hau keke ya koma can, muka ci sa'a ba su goge ba tukuna, da la'asar ya dawo da faifai. Kaurin yankan nasu milimita 5 ne, namu 1.25. Tunda ba a iya siranta mai kauri, sai na kaurara namu ya koma 5, na zana akwati a gindin huhun dama, na sa katako. Likita ya auna, ya sake aunawa, sannan ya juya ya ce, "Baba, ɗan bambancin da na gani bai wuce abin da kaurin hoton farko zai iya jawowa ba. Ba zan ce ya girma ba, ba kuma zan ce mu manta da shi ba. Ka dawo nan bayan wata 3, a wannan na'urar."

Na kwafa musu namu a sabon faifai, na rubuta a bayan ambulan: kauri 1.25, hannuwa sama, cikakken numfashi, ba allura. Dattijon ya karɓa ya juya shi, ya miƙa wa ɗan, ya ce, "Kai wa Hajiya ta sa a akwatin da takardun gida suke."